KUNYA TA CI KUNYA

'Yan uwana mata, yau sukata a kanmu take, ba a kan maza ba. Akwai wata ɗabi'a da muke yi wa kallon tarbiyya alhali hasara ce, wato kawaici a kan ƙasar gado.

Wata gwaggona ta gaji gona a wani ƙauye na ƙasar Shanono, aure kuma ya kawo ta cikin Kano. Wanda ya san yankin nan ya san babu sauran daji, gona na jingine da gona, iyakar ma ba ta wuce layin gamba ko 'yan itatuwan bini-da-zugu. Duk damina sai maƙwabcinta ya ƙara kunya ɗaya cikin nata, har ya tuge gambar. Tana zuwa biki da gaisuwar mutuwa, tana gani da idonta, amma sai ta ce, "Haba, abokin Baba ne fa, da wane bakin zan yi masa magana?" Sai bayan shekara 13, da ɗanta ya girma, aka je gaban alƙali. Wallahi kashi ɗaya cikin uku na gonar nan haka ya tafi.

Ranar ce na fara jin kalmar hauzi. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a na Kano suke bi, idan bare ya riƙe ƙasa shekara 10 yana nomanta kamar tasa, mai ita yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraron ƙararsa. Idan tsakanin dangi ne, sai an kai shekara 40, don malamai sun san ana ɗaga wa ɗan uwa ƙafa. Aro da haya da jingina ba sa zama mallaka komai daɗewa, amma fa sai kin kawo shaidar cewa aron ne. Dattawan da aka yi a gabansu kuwa, mutuwa ba ta jiran ranar shari'arki.

Ni ban ga laifin hukuncin ba. Da babu shi, da jikoki sun yi ta tono rigimar kakanni har abada. Kuma wanda ya ci da zalunci, cin shari'a bai wanke shi ba, hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kan taki ɗaya ma na ƙasa. Laifinmu shi ne mun ɗauki shiru a matsayin mutunci, ita kuwa kotu yarda take ɗaukarsa.

Mu marubuta ma da namu. Mun cika littafi da yarinyar da ke kukan saurayi, amma sau nawa muka rubuta wadda ta san inda gonar ubanta ta tsaya?

Don haka 'yar uwa, ran da aka raba gado ki sa muharraminki ya taka iyaka da mai unguwa da maƙwabta. In za ki ba da aro, a rubuta, dagaci ya sa hannu, ki riƙa karɓar ko da dami ɗaya duk kaka a gaban shaidu. Dokar ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gonakin karkara, ki nema. In kin ga an ci kunya ɗaya, ki yi magana a daminar nan, cikin ladabi. Rabon da Allah Ya yanka miki a Suratun Nisa'i ba abin jin kunya ba ne.

Allah Ya sa mu dace, amin.