Aljanin da ya iya saurare: nazari a kan fim ɗin My Dear Bootham

A tatsuniyoyin aljanu, bisa al'ada mutum ne mabuƙaci, aljani kuma mai biyan buƙata. Fim ɗin My Dear Bootham, wanda N. Ragavan ya shirya cikin harshen Tamil na kudancin Indiya a shekarar 2022, ya juya wannan tsari, kuma a nan darajarsa take.

Prabhu Deva, shahararren ɗan rawa, shi ne ya fito a matsayin Karkimuki, sarkin aljanu da tsinuwa ta mai da shi gunki. Wani ɗan makaranta ne ya kuɓutar da shi, amma ba zai koma wurin ɗansa ba sai yaron ya furta wasu ɗalasimai daidai. To, yaron nan mai in'ina ne. Sunansa Tirunabukkarasu, wato sarkin harshe, sunan wani tsohon mawaƙin addini na Tamilawa. Ke nan ƴancin mai ƙarfi ya rataya ga harshen da ƴan aji suke yi wa dariya.

Wannan dabara ta tilasta wa aljani yin abin da sauran jama'a suka kasa: ya jira yaro ya ƙare maganarsa. Cikin dukan abubuwan al'ajabi da ya yi masa, babu wanda ya kai wannan saurare amfani. Ashwanth Ashokkumar, yaron da aka sani tun fim ɗin Super Deluxe na 2019, ya riƙe rawarsa da natsuwa. Bai mai da in'ina abin wasa ba. Ana ganin tsoron buɗe baki a idonsa tun kafin kalma ta sarƙe.

Sai dai fim ɗin bai tsira daga aibi ba. Siddabarun kwamfuta da launuka masu kashe ido sun yi yawa, har sukan danne labarin, kamar mai shiryawa bai amince yara za su iya zama shiru su bi zance ba. Haka kuma a wasu wurare an matsa wa mai kallo lallai sai ya zubar da hawaye, alhali halin da yaron yake ciki ya isa ya taɓa zuciya.

Duk da haka, malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da abin ɗauka. Masana sun ƙiyasta kusan yaro 5 cikin 100 yakan yi in'ina a wani lokaci na ƙuruciyarsa, saboda haka da wuya makaranta ta rasa irinsa. Malamin da yake ƙarasa wa ɗalibi jimla don sauri, ko ya kau da kai ana kwaikwayonsa, yana koya masa yin shiru ne. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A fim ɗin nan, wanda ya taɓa zama dutse shi ne ya koya wa mutane haƙuri.