Hoto da Sauti Su Ne Ma'aunin Gwanintar Mai Mayar da Tsohuwar Na'urar Wasa ta Hannu

A shekarar 2000 wani Ba'amurke mai suna Benjamin Heckendorn ya ɗauki Atari 2600, na'urar wasan bidiyo da ta fito tun 1977, ya datse fanel ɗinta, wato farantin da ke ɗauke da kayan cikinta, ya haɗa mata ƙaramin sikirin da batir, ta koma abin riƙewa a hannu. Daga nan aikin ya bazu zuwa NES da Super Nintendo da Nintendo 64 da GameCube, har ya kai ga Wii. A 'yan shekarun nan gasar ta karkata ga ƙanƙanta, kowa na son a ce tasa ce ta fi kowace ƙarami, har aka cusa Wii cikin gwangwanin alewar Altoids a 2018. Ina jinjina wa masu wannan haƙuri, amma a ganina an ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Abin da ya kamata a auna gwani da shi shi ne tsabtar hoton da ya isa ido da sautin da ya isa kunne, kuma duka biyun sun rataya ne a kan 'yan wayoyin da ba su kai tsawon yatsa ba.

Dalilina mai sauƙi ne. Wanda ke son ya buga tsohon wasa kawai ba ya buƙatar zarto ko dalma, domin wayar salula mai matsakaicin kuɗi tana kwaikwayon yawancin waɗannan na'urori. Wanda ya yarda ya yanka fanel na asali, wanda an daina ƙera irinsa, hujjarsa ɗaya ce: yana son ainihin aisin, wato guntun lantarkin da ya zana hoton, ya ci gaba da zana shi, da launinsa da saurinsa yadda suke. Idan bayan duk wannan ya bar hoton ya bi ta hanyar da za ta dusashe shi, ya bar sautin yana ƙugi, to ya lalata abu mai wuyar samu bai sami abin da ya lalata shi dominsa ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce wayar nan mai kai rawaya da kowa ya sani a bayan talabijin. Tana da arha, waya ɗaya ce da abokiyarta ta ƙasa, kuma ƙananan sikirin na kyamarar bayan mota masu inci 3.5 ko 4.3 suna karɓarta kai tsaye. Matsalarta tana cikin yadda aka tsara ta. Haske da launi da alamar daidaita layuka duk an cakuɗa su a waya guda, launin yana hawa a kan megahaz 3.58 a tsarin NTSC na Amurka da Japan, ko 4.43 a tsarin PAL. Dole sikirin ya sake raba su, kuma mai arha ba ya raba su da kyau, shi ya sa ja ke malala bayan iyakarsa, ƙananan rubutu ke rawa. Ƙari a kan haka, tsofaffin na'urori irin su Super Nintendo suna fitar da hoto mai layi 240, yawancin waɗannan sikirin kuwa suna ɗaukarsa a matsayin hoton talabijin mai layi 480 da ake saƙawa biyu-biyu, sai su sarrafa shi, ya ƙara dushewa, wani lokaci ya zo a makare.

Mafita ta daɗe a hannu. Magabatan wannan sana'a sun riƙa farautar sikirin mai inci 5 da Sony ta yi wa PSone saboda yana karɓar ja da kore da shuɗi kowanne a wayarsa. Super Nintendo ta asali tana fitar da waɗannan launuka uku da kanta, jan waya kawai ake buƙata. Nintendo 64 ta farko-farko tana ba da su idan an ƙara ƙaramin amfilifaya. A Wii kuwa ana sa manhaja ta umarci aisin hotonta ya fitar da VGA mai layi 480 cikakku. Amma ƙarin wayoyi na nufin ƙarin kulawa. Duk siginar hoto ba ta wuce bolt ɗaya ba, tana kuma son juriyar om 75 a ƙarshen layi, don haka ɗan gurɓata kaɗan yana bayyana a ido. Gwani yakan yanke wayar daidai tsawon da ake buƙata, ya murɗa ta da wayar ƙasa ko ya sa mai rigar kariya, ya liƙa ƙasan a kusa da inda siginar ta fito, ya kuma karkatar da ita nesa da naɗin tagullar da ke rage wutar batir. Wii kaɗai tana buƙatar bolt 1 da 1.15 da 1.8 da 3.3, kowane mai rage wuta yana kunnawa yana kashewa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma layukan da ke yawo a kan hoto daga nan suke zuwa.

Sauti ne aka fi zalunta, domin ba ya fitowa a hoton da ake nuna wa jama'a. Ana yawan sa amfilifayar PAM8403 saboda ƙanƙantarta da aikinta a bolt 5, amma ƙafafunta na fita ba sa yarda a haɗe su da ƙasa, abin saurare na kunne kuwa ƙasa ɗaya yake da shi ga kunnuwa biyu. Wanda ya jona ramin abin sauraren bayanta bai lura da wannan ba, ko dai ya ji tsuwwa ko ya ƙona ta. Shi ya sa nake ganin masu ɗauko sautin Wii tun yana lambobi, su kai shi ga amfilifayar da za ta fassara shi dab da sifika, sun kama hanya, tunda lambobi ba sa kwasar ƙugin da ke cikin akwati yadda siginar sauti ke kwasa.

Akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa an zana waɗannan wasanni ne domin wayar rawaya: ruwan da ke zubowa a Sonic the Hedgehog na 1991 zane-zanen tsaye ne da dushewar wayar ke narkarwa ya zama kamar ana gani ta cikinsa, da launuka rarrabe kuwa sai ka ga zanen tsirara. Gaskiya ne, kuma NES ma aisinta siginar cakuɗe yake haifarwa tun asali. Sai dai wannan hujja ce ta zaɓen sigina da sani, ba ta wanke sakaci ba. Dushewar da mai zane ya yi lissafi da ita a tsohuwar talabijin daban take da layukan da mai rage wuta ke jefawa. Wanda ya zaɓi wayar rawaya don Mega Drive, na'urar da ake buga Sonic a kanta, kariya da gajartar waya sun fi wajaba a kansa, domin komai nasa yana kan layi ɗaya. Masu cewa ƙaramin sikirin yana ɓoye aibi sun manta ana riƙe shi kusa da fuska, masu kukan tsada kuma su tuna wayar kariya ba ta kai kuɗin akwatin da ake yi wa ado ba.

Kirana ga duk mai shirin wannan aiki shi ne ya fara daga hoto da sauti. Ya gwada sikirin da amfilifaya a kan tebur, a kan batir ɗin da zai yi amfani da shi, kafin ya sa zarto a fanel, sannan ya zana akwatin a kewaye da hanyar wayoyin. Idan hakan ya sa na'urar ta ƙara kauri kaɗan, ya yarda da kaurin.