Ashe Kalalatu Bajamushiya Ce!

Shekara da shekaru ina rantsuwa Kalalatu 'yar garinmu Basirka ce. Da malaminmu na firamare ya karanta mana labarinta daga cikin Magana Jari Ce, a gindin darbejiya, duk ajin mun san matar da ake nufi. Akwai wata a unguwarmu wadda in aka ba ta suyar kaza, sai maigida ya tarar da ƙafafu da wuya. Muka riƙa zungurar juna muna ƙunshe dariya.

To, bana da damina na zauna na bi abin da malaman jami'a suka rubuta a kan marubucin littafin, Abubakar Imam, musamman binciken Farfesa Ibrahim Malumfashi da na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, kuma wallahi har yau ban gama farfaɗowa ba. Ashe Kalalatu daga Jamus ta taso! Tana cikin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, waɗanda suka fara fitar da tarinsu a 1812. A can sunanta Gretel, kuku ce. Ta cinye kaji biyu, ta raɗa wa baƙo cewa maigida kunnensa zai yanka, ta koma ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kajin. Ga maigida da wuƙa yana bin baƙo yana roƙon a bar masa ko da guda, shi kuwa baƙo yana zaton kunne ake nufi. Sak! Imam ya ɗauko ta, ya ɗaura mata zane, ya aurar da ita ga Kalala, ya zaunar da su a tsakar gida irin tamu, har ba wanda ya ji ƙamshin baƙunta a jikinta. Shi ma Sarkin Busa da ya janye ɓeraye sannan ya janye yaran gari, mutumin Hamelin ne ta Jamus.

Na ɗauka zan ji haushi, kamar wanda aka ce masa kakarsa ba ta haifi babansa ba. Ina! Sai ma ƙaunar littafin ta ninku.

Abin da ya fi burge ni a nazarin nan shi ne maganar Aku. Tsuntsun da ke ba da labari dare bayan dare don ya hana wani fita, tsohon zubi ne daga Indiya, littafin Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka mayar Tutinama a ƙarni na 14. A can, matar wani falke ce ake hanawa zuwa wurin farkanta. Dubi abin da Imam ya yi da shi. Ya san wannan ba za ta shiga aji ba, ba za ta shiga zauren malam ba. Sai ya mayar da matar ta zama Musa ɗan Sarki Abdurrahman, ya mayar da farkan ya zama fagen yaƙi, ya dasa Waziri maƙetaci yana jiran yaron ya sa ƙafa waje. Ƙashin labarin yana nan yadda yake, amma fargabar ta koma irin wadda Bahaushe ya sani: makircin fada da gadon sarauta. Wanda ya iya wannan juyi yana ɗan shekara ashirin da biyar, ai sai a sara masa. An haife shi a Kagara a 1911, kuma a 1936 ya zauna Zariya wurin Rupert East ya yi aikin, littafi na farko ya fito a 1937.

Malaman ba su tsaya nan ba. Sun nuna hannun Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna a cikin littattafan uku, sun kuma koma kan Ruwan Bagaja, littafin Imam da ya fito daga gasar rubutu ta 1933 tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke shuka wa juna gari-gari a Ruwan Bagaja, daga Muƙamatul Hariri ta samo tushe, littafin da har gobe manyan almajirai ke ɗauka a zaure.

Akwai masu jin haka su ce sata ce. Ni dai in ɓarawo zai ɗauki buhun gero ya dawo mini da fura mai yaji da kindirmo, ƙofata a buɗe take.

Farfesa Abdalla yana kiran wannan salo Imamanci, ya kuma ja zarensa har zuwa Kano, inda 'yan fim ke ɗauko labarin Indiya su sa masa hula da babbar riga, abin da su da kansu suke ce wa wankiya. Nan ne kawai na ɗan ja da baya. Gado ɗaya ne, na yarda, amma wanki suna ya tara: Imam yakan wanke har a kasa gane asalin tufar, wasu kuwa jiƙawa kawai suke yi su shanya.

Makon jiya na samo littafi na biyu a Birnin Kudu, bugun kamfanin NNPC na Zariya, inda Aku ke kafsawa da Haziƙ, akun Sarkin Sirika. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma na fara karanta wa yara da fitilar waya. Da na gaya musu Kalalatu Bajamushiya ce, autata ta tashi zaune ta ce, "Baba, to wa ya koya mata Hausa?"