Tarken Fim ɗin Coded Bias: Karkatar Na'ura da Wariyar Mai Na'ura

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tarke ce a kan fim ɗin Coded Bias, wanda Shalini Kantayya ta shirya, aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a watan Janairun 2020, sannan ya shiga Netflix a watan Afrilun 2021. Fim ne na labarin gaskiya, tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi, kuma yana magana ne a kan na'urorin ƙirƙirarriyar basira da ake ɗora wa aikin duba fuskar mutum ko yanke masa hukunci. Mai yiwuwa ɗalibin harshe ya ce ina ruwansa da wannan. Ruwansa kuwa shi ne, babban rauni da za a nuna a fim ɗin rauni ne na kalma, wato an ɗauki suna ɗaya an laƙaba wa abubuwa da yawa. Za a bi hanyar da aka saba wajen tarken labari: taƙaita abin da ke ciki, sai jigo, sai zubi da salo, sannan a auna.

2.0 Abin da Fim ɗin ya Ƙunsa

Tauraruwar fim ɗin ita ce Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, aka haife ta a Kanada, ta girma a Amurka. Tana ɗaliba a jami'ar MIT ta so ta haɗa wani madubi mai aiki da kyamara, sai ta lura manhajar ba ta ganin fuskarta. Da ta rufe fuskar da farin abin rufe fuska na roba, nan take manhajar ta ce ga mutum. Daga nan bincike ya tashi.

Sakamakon binciken ya fito a 2018 da sunan Gender Shades, ita da Timnit Gebru. Sun tattara hotunan 'yan majalisa 1,270 daga ƙasashe shida: Ruwanda da Senegal da Afirka ta Kudu, sai Aislan da Finlan da Suwidin. Suka ba manhajojin kamfanoni uku, IBM da Microsoft da Face++, suka ce kowace ta faɗi ko namiji ne a hoto ko mace. A kan maza masu hasken fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. A kan mata baƙaƙe kuwa ya kai har kashi 34.7 cikin ɗari. Dalili a fili yake: tarin hotunan da aka saba gwada irin waɗannan manhajoji da su, mafi yawansu na masu hasken fata ne. A ɗaya daga cikin tarin sun kusa kashi 80 cikin ɗari, a wani sun haura kashi 86.

Daga nan fim ɗin ya bazu. A Landan an nuna Silkie Carlo ta ƙungiyar Big Brother Watch tana bin motar 'yan sanda mai kyamara, har aka tare wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, sanye da kayan makaranta, domin na'ura ta ce ya yi kama da wanda ake nema. A Buruklin an nuna 'yan haya suna ja da mai gida da ke son sa musu na'urar duba fuska a ƙofa. A Houston an nuna malamin makaranta da ya sha karɓar lambar yabo, amma lissafin kwamfuta ya ce bai iya aiki ba. An leƙa Hon Kon da ƙasar Sin, aka kuma nuna Buolamwini gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka a watan Mayun 2019.

3.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon fim ɗin shi ne cewa na'ura ba alƙali ba ce mai adalci don kawai ba ta da rai. Abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa, kuma abin da aka ciyar da ita tarihin mutane ne da duk karkacewarsa. Ƙananan jigogi biyu na biye da wannan. Na farko, talaka ake fara gwada sabuwar na'ura a kansa, shi ya sa aka kai mu gidan haya ba unguwar masu hali ba. Na biyu, wanda na'ura ta yanke wa hukunci ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara, domin ba a faɗa masa yadda aka yi lissafin.

A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya a kan kalmar da ke cikin sunan fim ɗin. Da me za a fassara ta? Idan aka ce son zuciya an yi kuskure, domin son zuciya sai mai zuciya, kuma fim ɗin bai ce masu rubuta manhaja sun yi niyyar cutar kowa ba. Kalmar da ta fi dacewa ita ce karkata, irin ta sikelin da ya karkace: ko mai shago mutumin kirki ne, awon zai fito ba daidai ba. Wariya kuwa aikin mutum ce ko hukuma, wato a ware wasu a yi musu abin da ba a yi wa saura. Karkata cuta ce ta ma'auni, wariya cuta ce ta mai riƙe da ma'aunin. A wannan bambanci tarken nan ya dogara.

4.0 Zubi da Salo

Zubin fim ɗin mai sauƙin bi ne. An fara da mutum ɗaya da matsala ɗaya, aka riƙa faɗaɗawa har aka kai majalisa. Wannan dabara ce mai kyau, domin mai kallo ba ya buƙatar sanin lissafi kafin ya gane abin da farin abin rufe fuskar nan ke nufi. Hoto ɗaya ya yi aikin da dogon bayani ba zai yi ba. Haka kuma kusan duk masanan da aka ba bakin magana mata ne, irin su Cathy O'Neil da Meredith Broussard da Safiya Noble da Zeynep Tufekci. Zaɓi ne da gangan, kuma ya dace da jigo, tunda rashin irinsu a ɗakunan da ake ƙera manhaja na cikin abin da ya haifar da matsalar.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda kyamara ta tsaya a titi ta bar abu ya faru. Tsayuwar yaron nan a tsakiyar 'yan sanda ta fi duk wata hira tasiri, domin a nan ne ake ganin yadda kuskuren lissafi ke zama hannu a kafaɗar mutum.

Inda salon ya yi rauni kuma shi ne muryar na'ura da ake sakowa jefi-jefi tana magana kamar dodon tatsuniya. An kawo labarin Tay, manhajar hira da Microsoft ta saki a Twitter a watan Maris na 2016, ta janye ta kafin kwana ɗaya ya cika saboda ta koyi zagin wariyar launi daga mutane. Labarin gaskiya ne, amma ba wa na'ura murya da hali ya saɓa wa jigon fim ɗin kansa. Idan hujjar ita ce mutane ne ke da alhaki, bai kamata a ƙera wa mai kallo dodon da zai ɗora wa laifi ba.

5.0 Raunin Hujja

5.1 Ayyuka uku, suna ɗaya

Akwai ayyuka uku da na'ura ke yi da fuska. Na ɗaya gano fuska, wato ta ce akwai mutum a hoton nan. Na biyu rarrabe fuska, wato ta ce namiji ne ko mace. Na uku shaida mai fuska, wato ta ce wane ne. Labarin abin rufe fuska na aiki na ɗaya ne. Alƙaluman Gender Shades na aiki na biyu ne. Abin da ya sami yaron Landan na aiki na uku ne. Fim ɗin ya jera su kusa da juna har mai kallo zai fita da zaton kashi 34.7 ɗin nan shi ne yawan kuskuren da na'urar 'yan sanda ke yi, alhali ba shi aka auna ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta wannan ƙofa kamfanin Amazon ya bi a 2019 lokacin da Buolamwini da Deborah Raji suka gwada manhajarsa ta Rekognition: ya ce sun auna rarrabewa suna magana a kan shaidawa. Abin da ya rufe ƙofar shi ne rahoton hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, na watan Disambar 2019, wanda ya gwada manhajoji 189 na masu ƙira 99 a kan shaida mai fuska. Rahoton ya sami cewa ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da na gabashin Asiya. A Janairun 2020 kuma 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa, suka tsare shi kusan awa 30, bisa kuskuren na'ura. Ke nan abin da fim ɗin ya faɗa gaskiya ne, amma gadar da ya bi zuwa gare shi ba ta da ƙwari.

5.2 In an gyara sikeli fa?

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Bayan binciken 2018 kamfanonin da aka gwada sun rage kuskurensu ƙwarai. To, idan na'ura ta iya shaida baƙar fuska daidai, an gama ke nan? Fim ɗin ya taɓa wannan tambaya, amma bai zauna a kanta ba, domin labarin kuskure ya fi daɗin nunawa. Gaskiyar ita ce na'urar da ba ta kuskure ta fi haɗari a hannun mai wariya. 'Yan hayar Buruklin ba kuskure kaɗai suke tsoro ba, ba sa son a riƙa ƙirga shigarsu da fitarsu. A 2018 an ba da rahoton yarjejeniya tsakanin gwamnatin Zimbabuwe da kamfanin CloudWalk na ƙasar Sin, wadda za ta ba kamfanin damar horar da manhajarsa da fuskokin baƙaƙe. Wannan gyaran karkata ne, amma ba wanda zai ce ya ƙara wa ɗan Zimbabuwe 'yanci.

5.3 Hoton ƙasar Sin

An gabatar da tsarin auna amincin jama'a na ƙasar Sin kamar maki ɗaya ne da gwamnati ke ba kowane ɗan ƙasa. Masu nazarin dokokin ƙasar sun nuna cewa tsare-tsare ne barkatai: jerin sunayen waɗanda suka ƙi bin hukuncin kotu, da gwaje-gwajen wasu birane, da makin kamfanoni masu zaman kansu. Sa ido a can gaskiya ne, amma fim mai kira a bi diddigi bai kamata ya yi sako-sako da nasa diddigin ba.

6.0 Abin da ya Shafi Ɗalibin Harshe

Karkatar da aka gani a fuska tana nan a harshe. A 2020 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajojin mayar da magana rubutu na kamfanoni biyar, suka sami kuskuren kalmomi kashi 35 cikin ɗari a bakin baƙaƙen Amurka, kashi 19 a bakin farare. Duk Ingilishi suke yi, karin harshe ne ya bambanta. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin Kananci da Sakkwatanci da Damagaranci zai gane abin da zai faru idan da kari ɗaya aka horar da na'ura.

Haka batun fassara. Google Translate ya shigar da Hausa a watan Disambar 2013. Ingilishi ba ya bambanta kai da ke, Hausa kuwa dole ta zaɓa. Duk lokacin da na'ura ta fassara jimlar da ake magana da mutum ɗaya, sai ta yanke ko namiji ne ko mace, kuma da abin da ya fi yawa a rubutun da ta karanta za ta yanke. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya ba ta jimloli goma a kan sana'o'i daban-daban, ya ƙirga inda ta ce kai da inda ta ce ke. Wannan shi ne ainihin darasin Buolamwini, wato kada a karɓi jimillar maki, a rarraba shi gida-gida a ga wanda aka bari a baya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa Coded Bias ya yi nasarar mayar da batu mai wuya abin da ido ke gani, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata shi. A watan Yunin 2020 IBM ya bar sayar da manhajar shaida fuska, Amazon da Microsoft suka dakatar da sayar wa 'yan sandan Amurka. A Agustan 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce yadda 'yan sandan Kudancin Wales suka yi amfani da na'urar ya saɓa wa doka. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta hana 'yan sanda shaida fuskokin jama'a kai tsaye a bainar jama'a sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Na'urar kuma ta iso yankinmu, tunda da yatsa da fuska aka tantance masu zaɓe a Nijeriya a 2023.

An kuma ga rauninsa: ya haɗa ayyuka uku a suna ɗaya, ya fi ba karkata lokaci a kan wariya, ya kuma ƙera dodo inda ya kamata ya nuna mutum. Ya cancanci a kalle shi a aji, da sharaɗin a riƙa tsayar da shi a kowane fage ana tambaya: wane aiki na'urar ke yi a nan, kuma laifin na sikeli ne ko na mai awo?