Kifin Rijiya da Kifin Ƙasar Sanyi: Sake Duban Wani Karin Magana Daga Gobir

Cikin karin maganganun da Bahaushe ya gina a kan kifi, babu wanda ’yan boko suka fi ɗauka su yi bulala da shi kamar “kifin rijiya”. Da shi ake zolayar wanda bai fita ba, wanda yake zaton bakin rijiyarsa ne iyakar sama. Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna cewa an yi wa wannan karin magana karatun gaggawa, kuma wannan karatu yana da tsada a wurare irin su Sabon Birni da Isa. Zan auna shi da kifaye uku: sitajin na ƙasashen sanyi, da tarwaɗa, da gaiwa.

Sitajin kifi ne mai daraja a idon duniya, domin ƙwansa ake sarrafawa a yi kabiya, abincin attajirai. Jinsinsa kusan 27 ne, duk a arewacin duniya, kuma mafi shahara suna Tekun Kasfiya, tsakanin Rasha da Iran da maƙwabtansu. Yawan kamu ya kusa ƙarar da shi, har aka sa cinikinsa gaba ɗaya ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 1998. Daga nan kiwonsa ya bunƙasa, har Sin ta zama kan gaba wajen samar da kabiya. Wanda ya ga hoton wannan ƙaton kifi a wayarsa, ya dubi tarwaɗar da ke cikin tankinsa, zai iya jin cewa shi ne kifin rijiyar da ake faɗa.

Sai dai sitajin ma rijiyarsa gare shi. Ya fi walwala a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 20 ba, mai yalwar iska. Macen jinsin Saibiriya kan ɗauki kimanin shekara bakwai a gona kafin ta yi ƙwai, beluga kuwa takan haura goma sha biyar. A Afirka, inda aka fara cin nasarar kiwonsa shi ne Tafkin Mantasoa na Madagaska, a kan tsauni mai tsawon kusan mita 1,400, aka kuma samu kabiyar farko a 2017. Sanyin tsauni ne ya yi aikin. A ƙasar Sakkwato kuwa zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Ashe ƙaton kifin da ake yi mana gori da shi, in aka raba shi da ruwansa, bai fi ƙaramin kifin rijiya jimiri ba. Masu iya magana sun riga sun yanke hukunci: kifi a ruwa sarki ne. Sharaɗin sarautar yana cikin kalmar “ruwa”.

Haka abin yake ga tsarin nan na haɗa kiwon kifi da noman ganye a ruwa ɗaya. Hikimarsa abar yabo ce: kashin kifi na fitar da amoniya, ƙwayoyin halitta su mai da ita taki, saiwar latas ko tumatir ta tsotse, ruwan ya koma wa kifi da tsabta. Amma rayuwar tsarin duka tana rataye ga famfo. In kifin na sanyi ne, sai an ƙara injin sanyaya ruwa dare da rana. Marubucin da ya kwaso wannan darasi daga Turai ya zuba shi cikin Hausa, bai tambayi wutar lantarkin Gatawa ko kuɗin man janareto a Isa ba, kalmomi kawai ya fassara, ya bar ma’ana a can.

Tarwaɗa ita ce amsar da wannan ƙasa ta daɗe da bayarwa. Tana da wata gaɓa a bayan matsatsinta da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka in famfo ya tsaya ba ta mutuwa nan take. Ruwan ɗumi take so, kuma cikin wata biyar zuwa shida takan kai kilo guda in ta samu abinci. Gaiwa kuwa ta fi kowa sanin rani. In fadama ta ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta jira damina. Hausawa na cewa jikinta take ci, masana kimiyya kuma sun tabbatar da cewa da naman jikinta take rayuwa a wannan zama. Masuntan da ke su a Gulbin Rima da Bunsuru da Gagare sun san wannan tun kafin a gina madatsar Goronyo a shekarun 1980. Irin wannan sani ba na wanda ya jahilci duniya ba ne. Na wanda ya karanci wurinsa ne har ya ƙure.

Adabin Gobir kansa shaida ne. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da harshen yankinsa da dawakinsa da fadawansa ya gina waƙoƙinsa, amma ga Bakandamiya ana nazarinta a jami’o’i. Zurfin da ya yi a rijiyarsa ne ya kai shi teku.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu da zafi shi ne halin da yankin ke ciki. Tun 2019 dubban mutanen wannan iyaka suka tsallaka jihar Maraɗi saboda ’yan bindiga, wasu kuma suna gida amma gonakin nesa sun gagare su. Ga irin wannan mutum, tankin kifi a tsakar gida, da ’yar lambun alayyafo da ake ba ruwan da aka sauya, hanyar ci ce ta gaske. Jarinsa kaɗan ne, kuma bai da tabbacin inda zai kwana baɗi. Wanda ya kwaɗaita masa sana’ar da sai bayan shekara bakwai take biya, ko tsarin da ɗaukewar wuta ta dare ɗaya ke rusawa, ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Ba ina cewa a toshe kunne daga ilimin waje ba ne. Dabarar tace ruwa da ƙwayoyin halitta, da famfo mai aiki da hasken rana, abubuwa ne da tarwaɗa da karfasa za su amfana da su. Abin da nake nema ga marubutanmu shi ne su riƙa tambayar kowane darasi ruwan da ya fito, kamar yadda manazarci ke tambayar kowane baiti fadar da aka rera shi. Laifin kifin rijiya a karin maganar shi ne musun cewa akwai teku. Zamansa a rijiya bai taɓa zama laifi ba, kuma mai kiwon tarwaɗa a Sabon Birni, da ya san tekun ya kuma zaɓi ruwan da kifinsa zai rayu, ba shi ake nufi ba.