Takalmin Ruwa na Masu Keke: A Fara Duba Taya Tukuna

Da zarar Oktoba ta kama a Ingila, sai ka ga shagunan keke sun jera takalman hunturu a gaba: baƙaƙe, dogaye har saman idon sawu, ciki da shimfiɗar Gore-Tex, ƙasa da gurbin ƙarfen da ke kama feda. Mai kyau a cikinsu ya haura fam 150. A da, 'yan tsere da masu hawan tsaunuka ne ke sayensu. Yanzu har ma'aikacin da tafiyarsa daga gida zuwa ofis ba ta wuce minti 20 ba an cusa masa cewa in babu su ba zai fita hunturu lafiya ba. Tun da Birtaniya ta fito da tsarin Cycle to Work a 1999, wanda ke rage wa ma'aikaci haraji idan ya sayi keke ta wurin aikinsa, shagon da ya sayar masa da keken shi ne ke sayar masa da shigar ɗan tsere.

Ni dai a ganina, yawancin masu wannan sayayya sun fara ne daga inda ya kamata su ƙare.

A tambayi kai tukuna: ta ina ruwan yake zuwa? Wanda ke sauka daga sama ba shi ne babban mai laifi ba. Tayar gaba ce ke kwasar ruwan kwalta, da laka da gishirin da ake watsa wa hanya saboda ƙanƙara, tana fesa su daidai kan yatsun ƙafa, ko da an ɗauke ruwa tun asuba. Kekunan yayi kuwa tsirara ake sayar da yawancinsu, ba madigadi. A sa madigadi dogo, da ɗan lebatun roba a ƙasansa ya kusa taɓa ƙasa, rabin matsalar ta kau, a kuɗin da bai kai sulusin na takalmin ba. Wanda ya hau tsohon Raleigh a Kano ko Zariya ya san haka keke yake zuwa tun asali, da madigadinsa da marufin sarƙarsa.

Hanya ta biyu ita ce bakin takalmin kansa. Ruwa yana bin ƙwauri, safa ta tsotsa, ya gangara ciki. Takalmin da ba ya barin ruwa ya shiga, ba ya barinsa ya fita. Da ya samu ƙofa ta sama sai ya koma bokiti, ka isa ofis kana jin cakal-cakal a kowane taku. Gore-Tex, da Bob Gore ya gano asalinsa a 1969, fasaha ce ta gaske: ƙofofinsa sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi yana fita. Sai dai ba shi da iko da ramin da ƙafa ke shiga. Maganin nan wandon ruwa ne da ya sauko ya rufe bakin takalmi, ba wanda aka cusa a ciki ba.

Sai batun ƙarfen kama feda. Kamfanin Look ya fito da irin wannan feda a 1984 domin 'yan tsere, Shimano kuma ta kawo SPD a 1990, wanda ƙarfensa ke ɓuya a cikin tafin takalmi har a iya takawa. Ga mai gudun kilomita 100, amfaninsa a fili yake. Ga wanda zai tsaya a danja bayan danja, ya sauka ya shiga kanti, ya cire takalmi a ƙofar masallaci, wahala ce kawai aka saya da tsada. Ƙarfen nan kuma yana jan ɗumin tafin ƙafa ya miƙa wa feda, shi ya sa sanyi ke fara kamawa ta nan.

A duba Holan, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, kuma ba ta rasa ruwa da iska. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai ma'ajiyar keke mai ɗaukar 12,500. Masu ajiyewa a wurin da takalmin aikinsu suke zuwa, a kan keke mai madigadi da feda shimfiɗaɗɗiya, rigar ruwa na naɗe a jaka.

Ban ce takalmin hunturu ba shi da ranarsa ba. Wanda zai yi awa guda a hanya, sanyi na dab da daskarar da ruwa, ya saya, kuma ya ƙara lamba ɗaya a kan wadda ya saba, domin takalmi mai matsewa yana takura jini, ƙafa ta ƙara sanyi komai kaurin safa. Saura kuwa, takalmin tafiya na fata ko mai shimfiɗar hana ruwa, mai tafin roba da ba ya zamewa a jiƙaƙƙiyar feda, ya wadatar. A haɗa da safar ulu, wadda ke riƙe ɗumi ko ta jiƙe, saɓanin ta auduga. A ajiye busasshiya guda a ofis. Idan takalmi ya jiƙe a cusa masa tsohuwar jarida, kada a ɗora shi kan hita gam ɗinsa ya saki.

Daidai ruwa, daidai tsaki. A sayi madigadi, a bi da wandon ruwa da safa, a yi wata guda ana gwadawa. In har bayan haka ƙafa tana jiƙewa, to lokacin zuwa shagon takalmi ya yi.