Sharhi a Kan Jerin Kalmomin Ingilishi na Harkar Kuɗi da Aiki

1.0 Gabatarwa

Littattafan koyon Ingilishi da yawa sukan ware babi guda domin kalmomin kuɗi, aiki da sana'a. Tsarin da aka saba shi ne layi biyu: kalmar Ingilishi a hagu, ta Hausa a dama. Tace kalmomi domin mai koyo tsohuwar hanya ce, domin tun a 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da ya ga sun fi amfani. Ba mu da ja a kan hikimar yin haka. Abin da muke ƙalubalanta shi ne ɗaukar cewa kowace kalma tana da takwara guda tak a Hausa. A fagen kuɗi wannan zato yana da tsada, domin ɗalibin yau shi ne zai sa hannu a takardar banki gobe.

2.0 Matsalar Ma'ana

Mu fara da "interest" da "profit". Wasu sukan fassara duka biyun da "riba". A baka, Bahaushe yana bambanta ribar ciniki da ribar da shari'a ta haramta ta hanyar karin sauti da tsawon wasali, amma daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu. A takarda, ke nan, halal da haram sun zama kalma ɗaya. Da an sa "kuɗin ruwa" da an huta. Wannan bambanci kuwa shi ne ginshiƙin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Haka abin yake ga "credit". Ɗalibin da ya haddace cewa ma'anarta "bashi" zai ruɗe ranar da saƙon banki ya shigo wayarsa ɗauke da ita, alhali kuɗi ne suka shiga asusunsa. Kalmar ba ta fahimtuwa sai an jera ta da kishiyarta, wato "debit". Har ila yau, "loan" da "debt" sukan taru a ƙarƙashin "bashi", duk da cewa Hausa tana da "rance" ga abin da aka karɓa, da "bashi" ga nauyin da ya hau kan mutum.

3.0 Matsalar Muhalli

Da yawa daga cikin waɗannan jerin an tsara su ne domin mai shirin zama a Ingila ko Amurka. Shi ya sa ake samun "mortgage" da "credit score" a sahun gaba, a rasa "arrears", "guarantor" da "deduction", waɗanda ƙaramin ma'aikaci a Nijeriya yake cin karo da su kullum. Lambar tantancewa ta banki, BVN, ta shigo a 2014. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10. Wanda bai san bambancin "gross" da "net" ba zai ɗauka cewa an cuce shi a albashinsa na farko. Adashi kuwa, wanda ɗalibai suka tashi suna gani a gidajensu, ba a ko ambatonsa, alhali da shi za a fi saurin bayyana ma'anar ajiya da zubi.

4.0 Kalmomin Aro

Hausa ta riga ta ari banki, cek, rasit, fansho, alawus, inshora da akanta. Waɗannan gada ce da ɗalibi ya zo da ita daga gida, amma jerin ba sa amfani da ita. Ya kamata malami ya fara da su, tare da jan hankali cewa furuci da rubutun asali sun bambanta, kamar yadda ake gani tsakanin rasit da "receipt".

5.0 Kammalawa

Muna ba masu tsara manhaja shawarwari uku. Na farko, a koyar da kalmomin kuɗi bibbiyu, kowace da kishiyarta ko makusanciyarta, cikin cikakkiyar jimla. Na biyu, a ciro su daga takardun da ake amfani da su a ƙasar nan: takardar albashi, fom na buɗe asusu, tallar neman ma'aikata da saƙon banki. Na uku, malaman Hausa da na Ingilishi su zauna tare su daidaita fassara, suna tuntuɓar ƙamusu irin na Roxana Ma Newman na 1990 da na Jami'ar Bayero na 2006. A jarrabawa kuma, a rage tambayar ma'anar kalma tsurarta. A miƙa wa ɗalibi takardar rance, a ce ya faɗi nawa zai karɓa, nawa kuma zai biya.